Badaƙalar kuɗin ma'aikatar tsaro ta 2020: yadda aka sayi jiragen soja, da wanda ke da alhakin bin bahasi

Duk lokacin da aka ji labarin an sayo wa sojojin Nijar sabon jirgin sama ko motocin yaƙi, tambayar da jama'a ke yi a fada da tasha da kasuwa guda ce: nawa aka kashe, kuma wa ya duba? Tambayar ta samo asali ne daga binciken da aka yi a ma'aikatar tsaron ƙasa, wanda sakamakonsa ya fito fili a farkon 2020. Ga bayanin yadda abin ya faru, da alƙaluman da hukumomi suka bayar, da yadda doka ta tsara sa ido a kan kuɗin soja, don amfanin masu saurarenmu na karkara da 'yan uwa mazauna ƙetare.

Yadda maganar ta taso

A watan Satumban 2019 shugaba Issoufou Mahamadou ya naɗa Issoufou Katambe ministan tsaro. A zamaninsa ne ofishin babban sufeton sojoji ya shiga bin diddigin kwangilolin da ma'aikatar ta bayar a shekarun baya, na makamai da harsasai da motoci da jiragen sama da gine-gine.

Ana cikin wannan aiki ƙasa ta shiga makoki har sau biyu cikin wata guda. Ranar 10 ga Disamban 2019 'yan ta'adda suka afka wa barikin Inates a jahar Tilaberi, sojoji 71 suka rasu. Ranar 9 ga Janairun 2020 aka sake kai hari a Shinagodar, kusa da iyakar Mali, aka rasa sojoji 89. Kwanaki kaɗan bayan haka aka canza babban hafsan sojoji, aka naɗa Janar Salifou Mody.

To da wasu sassan rahoton binciken suka fara yawo a WhatsApp da Facebook, sai suka tarar da zukata a tafashe. Iyayen da suka binne 'ya'yansu suna jin cewa an fitar da kuɗi daga baitulmali don kayan yaƙin da wasunsu ba su taɓa isowa ƙasar ba.

Alƙaluman da aka bayyana

Binciken ya duba takardun kwangila 177. Rahoton farko, na wucin gadi, ya ƙiyasta asarar da ƙasa ta yi a kan miliyar 76 na sefa. Ga mai lissafi da jika, wannan jika miliyan 76 ke nan. An kasa kuɗin gida biyu: fiye da miliyar 48 na aringizo, wato an rubuta farashin da ya zarce na gaskiya, sai fiye da miliyar 27 na kayan da aka biya amma ba a kawo ba.

Bayan an saurari 'yan kasuwar da abin ya shafa, kowa ya kawo takardunsa ya kare kansa, adadin ya sauka. A watan Yunin 2020 mai shigar da ƙara na gwamnati a Yamai ya sanar cewa rahoton ƙarshe ya tsaya a kan miliyar 32 da ɗoriya, ciki har da wajen miliyar 12 na aringizo da wajen miliyar 18 da rabi na kayan da ba su iso ba. Shi ya sa har yau za ku ji wani ya ce 76, wani ya ce 32. Kowanne yana da tushe: na farko lissafin masu bincike ne kafin a ji ta bakin waɗanda ake zargi, na biyu shi ne wanda aka riƙe a gaban shari'a. Ƙungiyoyin fararen hula da dama ba su gamsu da yadda adadin ya ragu da fiye da rabi ba.

Maganar jiragen sama

Jirgin sama na cikin kaya mafi tsada da soja ke saye, kuma shi ne mafi wuyar tantance farashi. Buhun hatsi kowa ya san kuɗinsa a kasuwar Maradi ko ta Damagaram. Jirgin yaƙi kuwa kuɗinsa ya danganta da shekarunsa, da makaman da aka ɗora masa, da kayan gyara, da horar da matuƙa da makanikai, da yarjejeniyar kula da shi na shekaru. A cikin waɗannan ƙananan layuka na kwangila ne aringizo ke samun wurin ɓuya.

Misalin da ya fi fitowa shi ne na jirage biyu masu saukar ungulu samfurin Mi-171Sh, waɗanda aka ƙulla cinikinsu a 2016 da Rosoboronexport, kamfanin gwamnatin Rasha mai sayar da makamai a waje. Ƙungiyar 'yan jarida masu binciken ƙwaƙwaf ta duniya, OCCRP, wadda ta samu kwafin rahoton ta kuma wallafa nata binciken a watan Agustan 2020, ta ruwaito cewa masu binciken sun ga an biya kusan dalar Amurka miliyan 20 fiye da kima a wannan ciniki kaɗai, wato wajen miliyar 11 na sefa. Irin waɗannan jirage su ne ake dogara da su wajen kai ɗauki da kwaso waɗanda suka ji rauni daga wurare masu nisa irin su Inates, shi ya sa maganar ta yi wa mutane ciwo.

Tun kafin wannan, an taɓa yin cece-kuce a 2014 kan jirgin shugaban ƙasa. A shekarar ne aka sayo Boeing 737 da aka raɗa wa suna Mont Greboun, ya maye gurbin tsohon Mont Bagazam da aka saya tun zamanin Janar Seyni Kountche. Ministan tsaro na lokacin, Karidjo Mahamadou, shi ya bayyana cinikin, a kan kuɗi wajen miliyar 20. Gwamnati ta ce tsohon jirgin ya gaji, 'yan adawa suka ce ƙasar da ke fama da ƙarancin abinci da ambaliya tana da abin da ya fi wannan gaggawa. Idan aka auna, adadin farko na badaƙalar 2020 ya kusa kuɗin irin wannan jirgi guda huɗu.

Ta wace hanya kuɗin ke zurarewa?

Abin da binciken ya nuna ba sata ce irin ta fasa akwati da dare ba, a kan takarda ake yin ta. Akwai dillalai da ke shiga tsakanin gwamnati da kamfanin da ya ƙera kaya, su ɗora nasu kaso mai yawa. Akwai gasar bogi, inda kamfanoni biyu ko uku za su nemi kwangila ɗaya alhali a bayan fage hannu guda ne ke juya su. Akwai kamfanonin da aka yi wa rajista a ƙasashen waje, ba su da masana'anta ba su da ma'aikata, sai asusun banki. Akwai kuma takardun shaidar karɓar kaya da aka sa wa hannu alhali kayan ba su shigo sito ba.

Dukkan waɗannan suna buƙatar duhu kafin su yiwu. Tun a 2013 wata doka ta ware wa sayayyar tsaro hanya ta musamman, dabam da ta sauran kwangilolin gwamnati, bisa hujjar sirrin ƙasa. Hujjar tana da ma'ana, don babu ƙasar da za ta yi shela ga abokan gaba cewa ga yawan harsasanta. Sai dai ɓoye wa maƙiyi wurin da aka girke jirgi dabam, ɓoye wa mai binciken kuɗi farashinsa dabam. A ƙasashe da yawa ana rantsar da wasu zaɓaɓɓun 'yan majalisa da alƙalai, su duba takardun a asirce, su riƙe sirrin.

Abin da ya biyo baya

A ƙarshen watan Fabrairun 2020 gwamnati ta fitar da sanarwa cewa za a sa waɗanda suka karɓi kuɗi fiye da ƙa'ida su mayar. Ƙungiyoyin fararen hula da na alƙalai da 'yan adawa suka ce mayar da kuɗi kaɗai bai isa ba, sai an je kotu. A watan Afrilu aka miƙa takardun ga mai shigar da ƙara.

Kafin nan, ranar 15 ga Maris, an kira zanga-zanga a Yamai, hukuma ta hana ta bisa matakan cutar korona. Aka yi arangama da jami'an tsaro, gobara ta tashi a kasuwar Tagabati, aƙalla mutum uku suka rasu. An kama jagororin fararen hula, ciki har da Moussa Tchangari da Maikoul Zodi da Halidou Mounkaila da Moudi Moussa. Uku na ƙarshen ba su fito ba sai ƙarshen watan Satumba. 'Yar jarida Samira Sabou ita ma an tsare ta a watan Yuni kan wani rubutu da ta yi a Facebook dangane da batun, kotu ta sallame ta a ƙarshen watan Yuli.

Tsakanin ƙarshen 2021 da farkon 2022 aka ji cewa gwamnati ta janye daga matsayin mai neman diyya a shari'ar, tana mai cewa an daidaita da 'yan kasuwar kan kuɗin aringizo da kayan da suka rage. Masu fafutuka suka ce wannan sulhu ya bar babbar tambaya a buɗe: jami'an da suka sa hannu a takardun fa?

Wa doka ta ɗora wa sa ido?

A ƙarƙashin kundin tsarin mulkin 2010, matakan sun kai huɗu. Na farko yana cikin gida, wato ofishin babban sufeton sojoji, wanda shi ya tono wannan magana. Na biyu majalisar dokoki, wadda ke amincewa da kasafin kuɗi, tana da kwamitin tsaro, tana kuma da ikon kiran minista ya amsa tambayoyi. Na uku kotun binciken kuɗin gwamnati, mai duba yadda aka kashe kasafin. Na huɗu hukumar yaƙi da cin hanci ta HALCIA da aka kafa a 2011, tare da kotuna. Darasin 2020 shi ne duk waɗannan suna nan a rubuce, amma an yi shekaru ana biyan kuɗin kayan da ba su iso ba kafin mataki ɗaya daga ciki ya farga.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, majalisar soja ta CNSP ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani ta jingine kundin tsarin mulkin, majalisar dokoki ta daina aiki. Sabbin hukumomi sun kafa COLDEFF don ƙwato dukiyar ƙasa da aka yi sama da faɗi da ita. A ranar 23 ga Fabrairun 2024 kuma aka sa hannu a wata doka da ta cire sayayyar jami'an tsaro daga dokokin kwangilar gwamnati da na haraji da na lissafin baitulmali. Masu goyon baya na ganin yaƙi ba ya jiran doguwar takarda. Ƙungiyoyin kare haƙƙin jama'a da na yaƙi da cin hanci sun yi gargaɗin cewa wannan ita ce ƙofar da ɓarnar baya ta shigo ta cikinta, an ma ƙara faɗaɗa ta.

Ina ruwan talaka da wannan?

Kuɗin tsaro daga tukunya guda suke fitowa. Abin da aka ɗora a kan farashin jirgi, an rage shi ne daga albashi da abinci da maganin sojan da ke daji, daga fanshon wanda ya yi ritaya, daga haƙƙin matar da aka bari da marayu. Kusan kowane gari a jahohin Maradi da Damagaram da Tawa da Doso yana da ɗa a cikin kaki.

Ban da haraji, tun watan Oktoban 2023 jama'a na zuba kuɗi kai tsaye a asusun ceton ƙasa na FSSP, wanda ɗaya daga cikin manufofinsa shi ne ƙarfafa jami'an tsaro. Da aka kafa asusun, an fara da cire dala biyu-biyu a sayen kuɗin waya da na intanet da tikitin motar haya, 'yan Nijar mazauna waje su ma sun aiko da nasu gudummawar. Wanda ya bayar yana da haƙƙin ya ji inda aka kai.

Idan kuka ji sanarwar sabon ciniki na soja, ga tambayoyin da badaƙalar 2020 ta koya wa mutane su riƙa yi: daga hannun kamfanin da ya ƙera aka saya ko ta hannun dillali? Kayan sun iso, kuma wa ya ƙirga su? Wace hukuma ce dabam da mai sayen ta ga takardun farashi? Idan an samu kuskure, wa zai amsa da sunansa? Babu ɗaya daga cikinsu da amsarta za ta tona sirrin fagen daga.