Asalin Ƙungiyar Houston Rockets

Mutane da yawa suna zaton a birnin Houston aka kafa ƙungiyar ƙwallon kwando ta Rockets, tun da nan ne cibiyar hukumar NASA mai kula da 'yan sama jannati take, ga kuma sunan roka a jikin ƙungiyar. To, ba haka abin yake ba. A San Diego ta jihar Kalifoniya aka haife ta a 1967, lokacin da wani attajiri mai suna Robert Breitbard ya biya dala miliyan 1.75 don a ba shi gurbi a gasar NBA. An raɗa mata sunan ne saboda a lokacin a garin ake ƙera rokokin nan da ake kira Atlas. Kakarta ta farko kuwa ba daɗin ji, ta ci wasa 15, aka lallasa ta a 67. 'Yan kallo suka ƙi zuwa, kuɗi ya ƙi shiga, a 1971 aka sayar da ita ga wasu 'yan kasuwar Teksas a kan dala miliyan 5.6, ta yi ƙaura zuwa Houston da sunanta. A ganina San Diego haihuwa kawai ta yi, wadda ta yi renon ita ce Jami'ar Houston, da kocinta Guy Lewis.

Tun kafin ƙaurar wannan zumunci ya ƙullu. A watan Janairun 1968 jami'ar ta kara da jami'ar UCLA a babban filin Astrodome, a gaban mutum sama da 52,000, ta ci 71 da 69, ɗan wasanta Elvin Hayes shi kaɗai ya zuba maki 39. Ranar aka gane cewa garin da ya haukace a kan ƙwallon ƙafar Amurka zai iya fitowa kallon kwando. Hayes ɗin nan shi Rockets ta fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa na wannan shekara, ya kuma fi kowa cin maki a NBA a kakarsa ta farko. Da ƙungiyar ta iso Houston ba ta da filin kanta, tana ta yawon aro har San Antonio da Waco da El Paso, zauren wasannin jami'ar, Hofheinz Pavilion, yana cikin wuraren da suka ba ta masauki.

Wani zai ce ai an sallami Hayes zuwa Baltimore tun 1972, kuma Moses Malone, wanda ya kai ƙungiyar wasan ƙarshe karo na farko a 1981, bai taɓa buga wa kowace jami'a wasa ba. Gaskiya ne. Sai dai a duba abin da ya biyo baya. A 1980 wani dogon saurayi ya taso daga Legas ya sauka a jami'ar, yaron da ya fara da tsaron gida a ƙwallon ƙafa da kuma ƙwallon hannu, bai san kwando ba sai da ya tasa. Shi ne Hakeem Olajuwon. Lokacin hutu yakan je wani zauren unguwa mai suna Fonde, ya tarar da Malone, su yi ta gwabzawa a ƙarƙashin kwando, babba yana ture ƙarami da kafaɗa, ƙarami yana tashi yana dawowa. Wato tun yana ɗalibi gwarzon Rockets ne yake horar da shi, don jami'ar da ƙungiyar gari ɗaya suke. A 1984 Rockets ta ɗauke shi a gaban kowa, har da Michael Jordan da ya zo na uku. Akwai sa'a a ciki, don kwabo aka jefa tsakaninta da Portland. Amma kwabo dama kawai ya ba ta, ita ta zaɓi wanda ta daɗe tana kallo a bakin ƙofarta.

Babbar sukar da ake yi ita ce, wai kofuna biyun da Rockets ta ci a 1994 da 1995 sun samu ne don Jordan ya ajiye wasa a 1993. Wannan magana rabinta ne gaskiya. A 1994, da ta doke New York Knicks a wasa na bakwai, lallai Jordan ba ya nan. Amma ya dawo a Maris ɗin 1995, Orlando Magic ta fitar da ƙungiyarsa ta Chicago, ita kuma Orlando ta gamu da Rockets ta sha kashi sau huɗu a jere. Kafin nan Rockets, wadda ta shiga wasannin fitar da gwani tana ta shida a yankinta, ta kawar da Utah da Phoenix da San Antonio, kowacce ta ci wasa sama da 50 a kakar. A watan Fabrairun shekarar Olajuwon yana azumin Ramadan aka zaɓe shi gwarzon wata na NBA, kuma a watan ne aka kawo masa Clyde Drexler daga Portland, abokin wasansa tun suna ƙarƙashin Guy Lewis. Tsofaffin ɗaliban jami'ar nan biyu su suka ja ragamar ƙungiyar har ta ɗaga kofin 1995, kuma kofunan 1994 da 1995 su ne na farko da ta taɓa ci a tarihinta.