Ƙaro ilimi ga masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a jihar Sakkwato

A Najeriya, takardar shaidar kammala karatu kaɗai ba ta isa likita ya ci gaba da duba marasa lafiya ba. Hukumar da ke sa ido kan aikin likitoci, MDCN, ta shar'anta wa kowane likita halartar tarukan ƙara wa juna sani kafin ta sabunta masa lasisi a kowace shekara. Ma'aikatan jinya ma suna da irin wannan tilas daga tasu hukumar.

Dalili shi ne matsalolin suna sauyawa. Wanda ya bar makaranta shekaru ashirin da suka wuce bai yi karatu mai zurfi kan shan tiramol ko kodin ba, maganin tarin da gwamnati ta haramta a 2018. Ita kanta dokar aikin ta canza: a watan Janairun 2023 aka sanya hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma fayyace haƙƙoƙin majiyyaci.

To amma ina ƙwararrun suke?

A jihar Sakkwato, akasarinsu suna asibitin masu taɓin hankali na gwamnatin tarayya da ke Kware, da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Kware na arewa da birnin Sakkwato, Boɗinga da Shagari kuwa suna kudu, don haka sai mutum ya ratsa birnin kafin ya isa.

Galibi wanda magidanci a Shagari zai fara tarar da shi, idan ma ba wajen mai ruƙiyya ya nufa ba, ma'aikacin ƙaramin asibiti ne. Shi ne zai bambance farfaɗiya da taɓin hankali, ko ya gane mai jegon da damuwa ta yi wa katutu. A nan ne aka fi buƙatar horon, ba a ɗakunan taro na otel ba.

Tun a 1991 Najeriya ta amince a shigar da lafiyar ƙwaƙwalwa cikin kiwon lafiya a matakin farko. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP domin horar da waɗanda ba ƙwararru ba, kuma an gwada shi a jihar Osun ƙarƙashin Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan. Tsarin ya tanadi cewa bayan horon, ƙwararru su riƙa kai ziyara suna duba aikin waɗanda suka koyar.