Shaida Daga Akwati Har Zuwa Jimla: Darasi Daga Zaɓukan Gabon



Duk wanda ya daɗe a Libreville ya san yadda gari yake zama lokacin zaɓen shugaban ƙasa. Ranar jefa ƙuri'a galibi lafiya lau ake tashi. Sai bayan kwana uku ko huɗu ne 'yan kasuwar Mont-Bouët suke rufe shaguna, iyaye su hana yara fita, sahun masallaci ya ragu. Idan muka bi tarihi za mu ga dalilin yana komawa ga tambaya guda: wa aka bari ya ga ƙidaya, kuma har zuwa ina aka bar shi ya gani?

Masu gani iri uku ne. Akwai wakilan 'yan takara da ke zama cikin rumfar zaɓe. Akwai masu sa ido, na gida da na waje, waɗanda ba sa shiga sai da takardar izini daga hukuma. Sannan akwai jama'ar unguwa, domin a ƙa'ida ƙidaya a bainar jama'a ake yin ta, a rumfar da aka yi zaɓen. Idan an gama sai a cika takardar sakamako, wadda a nan muke ce wa PV, a sa hannu. Daga nan takardar ta kama hanya zuwa hukumomin yanki da na lardi, a tattara alƙaluma, a aiko su Libreville.

Daga 1968 zuwa 1990 jam'iyya ɗaya ce a ƙasar nan, wato PDG ta Omar Bongo, saboda haka babu abokin takarar da zai nemi a nuna masa lissafi. Taron ƙasa na 1990 ne ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa. A zaɓen Disamba 1993 aka ce Bongo ya samu kashi 51 cikin ɗari. Paul Mba Abessole da magoya bayansa suka ce ba su yarda ba, rikici ya tashi, sai da aka je Paris a 1994 aka yi sulhu. A 2006 kuma aka kafa hukumar zaɓe mai suna CENAP. Duk wannan kai da kawo neman abu ɗaya ake yi: lissafin da wanda ya faɗi zai iya dubawa ya haƙura.

Zaɓen 27 ga Agusta 2016 shi ne ya fi fito da matsalar fili. Gwamnati ta gayyaci masu sa ido na Tarayyar Turai ƙarƙashin Mariya Gabriel. Sun shiga rumfuna, sun ga jefa ƙuri'a da ƙidaya, ba su yi babban ƙorafi a kan wannan mataki ba. Ƙorafinsu a kan tattara sakamako ne, inda suka ce ba a yi shi a fili yadda ya kamata ba. Gabon larduna 9 gare ta. A jimlar takwas Jean Ping ne ke gaba. Sai sakamakon Haut-Ogooué, lardin iyalan Bongo, ya iso: wai kashi 99.93 na masu rajista sun fito, kuma fiye da kashi 95 sun zaɓi Ali Bongo, alhali a ƙasa baki ɗaya waɗanda suka fito ba su kai kashi 60 ba. Da wannan aka ce Ali Bongo ya ci da ratar ƙuri'a 5,594.

Masu sa ido suka nemi a buga sakamakon kowace rumfa daban, domin kowa ya gwada da takardar da ke hannunsa. Ba a yi ba. Sake ƙirga ƙuri'un ma bai yiwu ba, domin a lokacin ƙona su ake yi da zarar an gama ƙidaya, sai PV kaɗai ke saura. Ranar 31 ga Agusta aka cinna wa ginin majalisar dokoki wuta, aka fasa shaguna, aka rasa rayuka. A ƙarshen Satumba kotun tsarin mulki ta soke sakamakon rumfuna 21 a nan Libreville, ta tabbatar wa Ali Bongo kashi 50.66. An yanke hukunci, amma zukata ba su kwanta ba.

A 2023 sai aka ƙara toshe ƙofar. Kafin zaɓe aka gyara doka, aka taƙaita yawan wakilan da za su zauna a rumfa. Zaɓen 26 ga Agusta an yi shi babu masu sa ido na waje. Da yammacin ranar aka yanke intanet, aka sanar da dokar hana fita da dare, aka dakatar da RFI da France 24 da TV5 Monde. Da asubahin 30 ga Agusta hukumar zaɓe ta CGE ta ce Ali Bongo ya samu kashi 64.27, Albert Ondo Ossa kuma 30.77. Ko awa ɗaya ba a yi ba sojoji suka bayyana a talabijin suka soke zaɓen, mulkin gidan Bongo na fiye da shekara 55 ya ƙare. Sakamakon da babu wanda ya shaida shi bai samu mai tsaya masa ba.

A ƙuri'ar raba gardama ta 16 ga Nuwamba 2024, da zaɓen 12 ga Afrilu 2025 wanda Brice Clotaire Oligui Nguema ya ci, an sake barin masu sa ido na gida da na waje su shiga. Wannan gyara ne, mun gode Allah. Sai dai 2016 ta koya mana cewa shigar baƙo rumfa ba ta wadatar ba. Abin lura shi ne ko an bar mai shaida ya bi takarda har inda ake haɗa jimla.

Ɗalibanmu sun san wannan tun daga darasin fiƙihu. Ayar bashi a Suratul Baƙara, aya ta 282, wadda ta fi kowace aya tsawo, ta haɗa abu biyu: rubutu da shaidu. Rubutu kaɗai ana iya sauya shi, shaida kaɗai yana iya mantuwa. Malamai kuma sun sharɗanta cewa mutum ba ya shaidar abin da bai sani ba, kuma shaidar zur tana cikin manyan zunubai. To sa hannu a kan PV shaida ce.

Saboda haka, ɗan uwa, idan kai ɗan ƙasa ne kuma aka naɗa ka wakili, kada ka tashi kafin a gama ƙirga. Kada ka sa hannu a takardar da ba a cika ba, ko da wanda ya miƙo maka ita na jam'iyyarku ne. Karanta alƙaluman, ka nemi kwafinka, ka adana shi. Idan naka ne ya faɗi a rumfar, ka faɗi gaskiya ko da ba daɗi. Idan kuwa baƙo ne kai, daga Nijar ko Najeriya ko Kamaru, ba ka da ƙuri'a a nan, to ka nisanci rumfa, kuma kada ka yaɗa alƙaluman da aka turo maka a waya ba ka san tushensu ba. Mun ga shagunan da aka fasa, mun san masu su.

Allah ya zaunar da Gabon lafiya, ya sa mu zama masu riƙon amana. Amin.