Yadda Ake Lissafin Cikin Akwatin Lasifika

A Kona, da Tasawa, da Mayahi, biki ko suna ko taron wa'azi ba ya rasa lasifika. Sau da yawa mai kayan sauti yana sayo lasifikar ce tsirara daga kasuwa, sannan ya kai wa kafinta ya ƙera mata akwati. Idan aka ƙera akwatin da ka, ba tare da awo ba, an yi asarar katako da kuɗin aiki, wani lokaci har da lasifikar kanta. Wannan darasi zai nuna wa mai karatu yadda ake gane girman cikin akwati kafin a sa zarto.

1. Me ya sa girman ciki yake da muhimmanci?

Babbar lasifika, wadda ke fitar da kakkaurar murya irin ta ganga, tana aiki ne ta hanyar tura iska gaba da baya. Iskar da ke kulle cikin akwati ita ce ke tare ta daga baya. Idan akwatin ya yi ƙanƙanta, iskar takan matse, kaurin muryar ya ragu. Idan kuma ya yi girma fiye da kima, lasifikar takan yi motsi ba riƙo, har ta lalace in an ƙure mata ƙara.

Wani masani ɗan Ostiraliya, Neville Thiele, ya wallafa lissafin wannan al'amari a shekarar 1961, kuma Richard Small ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970. Da wannan lissafi ne kamfanoni ke rubuta yawan litar da kowace lasifika take bukata. Saboda haka a fara duba takarda ko kwalin da ta zo a ciki.

2. Ma'aunin da ake aiki da shi

Ana auna tsawo da santimita. Ku ɗauki ɗan dunƙule wanda kowane gefensa santimita 1 ne. Dunƙule 1000 irin wannan su ne lita 1. Idan takardar ta zo da awon Amurka, inci 1 daidai yake da santimita 2,54, kuma akwatin da kowane gefensa ƙafa 1 ne yana ɗaukar lita 28,3.

3. Matakan lissafi

A ce akwati yana da tsawo santimita 50, faɗi 40, zurfi 30, an auna daga waje. Kaurin katakon kuma santimita 2 ne.

Mataki na ɗaya: a ɗebe kaurin katako sau biyu daga kowane awo, domin kowane awo yana da katako a ɓangarori biyu.
Tsawo: 50 − 4 = 46
Faɗi: 40 − 4 = 36
Zurfi: 30 − 4 = 26

Mataki na biyu: a ninka lambobin uku.
46 × 36 = 1656
1656 × 26 = 43056

Mataki na uku: a raba da 1000. An sami lita 43 da ɗan ɗoriya.

Ku lura da kyau. Wanda ya ninka awon waje zai sami 60000, wato lita 60. Bambancin ya kai lita 17, kusan cikin jarka guda mai lita 20. A nan ne mafi yawan kuskure yake faruwa.

Mataki na huɗu: a ɗebe duk abin da ya tare wuri a ciki. Bayan lasifikar, wurin da maganaɗisu yake, yana cin wuri. A ce lita 3 ne a wannan misali. Sandar katako da aka tokare bango da ita, mai kauri 4 da 4, tsawo 36, tana cin 576, wato rabin lita da 'yan kai. Abin da ya rage wa iska bai cika lita 40 ba.

4. Idan akwatin ba daidai wa daida ba ne

Wani akwatin yana da baya a karkace, zurfin sama bai kai na ƙasa ba. A tara zurfin biyu, a raba biyu, a yi aiki da abin da aka samu. Misali: sama 20, ƙasa 30, matsakaici 25.

Wani kuma yana da bututun fitar iska. Bututun ma ana ɗebe shi. A ɗauki rabin faɗin bakinsa, a ninka shi da kansa, a ninka da 3,14, sannan da tsawon da ya shiga ciki. Bututu mai baki 10 da tsawo 20 zai ba da 5 × 5 × 3,14 × 20 = 1570, wato lita ɗaya da rabi da ɗan ƙari.

5. Daga lita zuwa katako

Kafinta ya fi bukatar lissafin a juye. A ce takarda ta nemi lita 60. A ƙara lita 4 na lasifika da tokara, ya zama 64, wato 64000. Idan fuskar ciki 46 da 36 ce, a raba 64000 da 1656. Amsa ta kusa 39. Wannan shi ne zurfin ciki. Da katako, zurfin waje zai zama 43.

6. Gwaji da gero

Wanda yake shakkar lissafinsa yana iya kwantar da akwatin, ya riƙa zuba busasshen gero ta ramin lasifika da gwangwani mai lita 1, yana ƙirgawa har ya cika. Kada a gwada da ruwa, domin yana kumbura katako. Bayan haka a shafe dukkan mahaɗai da gam, saboda akwatin da ke yoyon iska ba ya ba da muryar da aka lissafa.

Wannan lissafi na tsawo sau faɗi sau zurfi shi ne kuma ake yi wa kwamin ruwa, da ramin taki, da ɗakin ajiyar hatsi.

Aikin yi: akwati yana da awon waje 60, 45 da 40, kaurin katako santimita 2. Lita nawa cikinsa yake ɗauka? Ku rubuta matakan ɗaya bayan ɗaya, ku nuna wa malaminku.