Gandu da Gamana: Yadda Magabata Suka Riƙe Masu Aiki

Tun kafin a san ofis da albashi a ƙasar Maraɗi, manoman Agye, Gazawa da Gidan Runji suna da tsarin tafiyar da masu aiki, wato gandu. Mai gida ne shugaba, ƙannensa da ƴaƴansa su ne ma'aikata. Shi ke cewa yau shuka, gobe noman fari, kuma shi kaɗai ke ba da izinin buɗe rumbu.

Abin da nake so matasanmu su lura da shi shi ne, ikon nan ba kyauta ba ne. Mai gida na ɗauke da bashi huɗu: ya ciyar, ya ba da kalme da iri, ya biya lanhon kowa, ya yi wa saurayi auren fari. Bayan haka sai gamana, ƴar gonar da yake yanka wa kowane baligi da kowace matar aure. Yawancin kwanakin mako na gandu ne, sauran na gamana, abin da ta ba da kuma na mai ita ne. Kakana yakan ce wa babana: “Kai yaro, in ka ci ranar gamanar ƙanenka, kada ka yi mamaki in ciyawa ta ci gandunka.” Bai taɓa tsayawa a inuwa yana nuni da sanda ba. Yana kan gaba a kunya, in aka kawo fura kuma sai kowa ya sha kafin ya karɓi ludayi.

Sarautar Sarkin Noma ma haka take. Bafaranshen nan mai bincike, Guy Nicolas, ya yi rubutu kan bikin dubu a kwarin Maraɗi: wanda ya tara dami dubu ba ya samun sunan sai ya yi bikin da zai rabar da dukiya ga jama'a. Mutum ɗaya ba ya noma dami dubu. Gayya ce ke yi, ita kuwa gayya ba ta amsa kiran marowaci.

Me ya raunana gandu? A zamanin Faransa aka ɗora lanho da kuɗi, gyaɗa ta zama hanyar samunsu. Saurayi ya ga zai iya sayar da gyaɗar gamanarsa, ko ya tafi ci-rani Katsina da Kano, ya biya wa kansa. Farin 1973 da na 1984 suka ƙarasa: rumbu ya zama wayam, mai gida ya kasa ciyarwa, ƴaƴa suka ware, aikin barema ya yawaita. Wasu dattawa na kiran wannan rashin biyayya. Ni a ganina, bashin ne aka kasa biya, umurni ya bi shi ya faɗi.

Tarihin itatuwanmu ya maimaita darasin. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya fara koya wa manoma barin tohon kututture ya girma maimakon a sassabe shi. A yunwar 1984 aka haɗa wannan da rabon abinci, mutane suka bi. Da rabon ya ƙare, da yawa suka sare itatuwan. Aikin bai kafu ba sai da manomi ya tabbata icen da ya raina nasa ne, ba na jami'in gandun daji ba. A Ɗan Saga ta ƙasar Agye, mutanen gari suka kafa kwamitin tsaron itatuwa, har da mata a ciki, suka tsara dokarsu da kansu.

Don haka, duk wanda aka ba riƙon ma'aikata yau, a asibiti ne, makaranta ko shago, kafin ya yi kukan lalacin yaransa ya fara duba kansa: ya biya haƙƙinsu a kan lokaci, ya ba su kayan aiki, ya kuma bar musu wani yanki na aikin da za su ce nasu ne?