Fankokin Lambar Rimi da iskar hunturu

Duk shekara idan hunturu ya kama, iskar da ke zuba mana ƙura a Zangon Parakou da Wangara ta Djougou daga arewa maso gabas take tasowa, wato daga ɓangaren da kakanninmu fatake suka fito, daga Katsina da Kano, suna bi ta nan zuwa Gwanja fataucin goro. A can ƙasar Katsina aka yi yunƙurin kama wannan iska a mayar da ita wutar lantarki, kuma labarin ya shafe mu.

Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ne ya faro shirin a 2005, yana gwamnan Katsina. Bayan ya zama shugaban Nijeriya a 2007 gwamnatin tarayya ta karɓi aikin, aka ba kamfanin Vergnet na Faransa kwangilar kafa fankoki 37 a ƙauyen Lambar Rimi. Kowace fanka ƙarfinta kilowat 275, jimilla kimanin megawat 10. Fukafukanta biyu ne, ba uku irin na manyan fankokin Turai ba, kuma ana iya kwantar da sandarta ƙasa a gyara injin a sake tayar da ita. A ganina wannan zaɓi akwai hikima a cikinsa, domin ƙauye ba ya samun babbar ƙugiyar ɗaga kaya a duk ranar da ya so.

'Yar'aduwa ya rasu a watan Mayun 2010 bai ga ƙarshen aikin ba. Sannan a daren 19 ga Disamba 2012 'yan bindiga suka auka wa gidan da injiniyan kamfanin, Francis Collomp, ke zaune a garin Rimi, suka kashe mutum biyu, suka tafi da shi. Ƙungiyar Ansaru ta ce ita ta yi. Dattijo ne mai shekara 63, ya yi wata goma sha ɗaya a hannunsu kafin ya kuɓuta da kansa a Zariya cikin Nuwambar 2013, ya tare ɗan acaɓa, wanda mu nan muke ce wa zemijan, ya kai shi wurin 'yan sanda. Shi ya tsira, amma aikin ya kwanta. Shekaru suka yi ta wucewa, ministoci na zuwa suna sa ranar buɗewa, ranar na wucewa, ƙarafa na tsaye a rana da ƙura. Iska kuwa ba ta taɓa saɓa alkawari ba.

Senegal ta zo daga baya ta wuce. A Fabrairun 2020 ta buɗe tashar Taïba Ndiaye mai fankoki 46 da ƙarfin megawat 158.

Mu a Benin wutarmu ta daɗe tana zuwa daga nesa. A 1968 muka kafa hukumar CEB tare da Togo, aka jawo wuta daga madatsar Akosombo ta Gana, aka ƙara da Nangbéto a 1987, aka haɗa layin Sakété da Legas a 2007. Tashar hasken rana ta Illoulofin, wadda aka buɗe a 2022, ita ma a kudu take, kusa da Pobè. Duk wanda zai zo kafa wani abu a Borgou ko Donga, kafin ya auna iska ko rana sai ya tambayi lafiyar hanya, kamar yadda madugu ke yi kafin ayari ya tashi. Tambayar ta ƙara nauyi tun Mayun 2019, lokacin da aka sace Faransawa biyu a gandun dajin Pendjari, aka kashe ɗan ƙasarmu da ke yi musu jagora.