Yadda Aka Ceci Rufin Zauren Westminster

Mutanen Ingila ba su yin rufin azara da ƙasa irin namu. Katako su ke haɗawa ya yi tozo, sa'an nan su jera fale-falen gasasshen yumɓu ko na dutse a bisansa. Wannan rufi nauyi gare shi ƙwarai. Saboda haka in ya lotsa, gwanayen gini ba su tsayawa kan fale-falen da ido ke gani, sai su hau su duba katakon da ke ɗauke da su, don galibi can cutar ta ke. Labarin babban zauren Westminster da ke Landan ya isa misali.

Sarki William na Biyu ne ya sa aka fara gina zauren cikin shekarar 1097. Tsawonsa wajen ƙafa 240 ne, faɗinsa kuwa ƙafa 68. Cikin 1393 Sarki Richard na Biyu ya yi umurni a yi masa sabon rufi, aka danƙa aikin ga babban kafintansa, Hugh Herland. Shi kuwa ya haɗa manyan bakuna goma sha uku na wani itace mai ƙarfi da su ke kira oak, suka ɗauki rufin duka ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya.

Rufin nan ya shekara fiye da 500. Ko gobarar 1834, wadda ta cinye yawancin gidan Majalisar Ingila, ba ta ci shi ba. Duk wanda ya ɗaga kai daga ƙasa sai ya ce lafiya lau ya ke, ashe kallon kitse a ke yi wa rogo.

Cikin 1913 aka hau aka bincika shi, wani ma'aikacin gine-ginen Gwamnati mai suna Frank Baines shi ya shugabanci aikin. Abin da aka tarar ya ta da hankalin kowa. Akwai wani ƙaramin ƙwaro wanda ke son itacen da ya sha laima. Tsutsarsa kan shekara da shekaru tana ci daga ciki, ta bar bayan katakon sumul, kamar dai yadda gara ke yi mana. Ya rarake wasu katakai har ƙato ya iya kwanciya cikin kogon, ba a gan shi ba. Huɗu daga cikin bakunan nan goma sha uku suna gab da faɗuwa.

To, da an rushe an yi sabo, da aikin kakanni ya tafi ke nan. Da kuma an toshe ramukan kawai, da nauyi ya ci gaba da danne ruɓaɓɓen itace. Sai Baines ya ɗauki hanya ta uku. Ya sa aka shigar da ƙarafa cikin kowane baka, aka ɓoye su yadda na ƙasa ba zai lura ba, nauyin ya koma kansu. Inda itace ya mutu aka yanke, aka dasa sabo irinsa. Wani masanin ƙwari, Harold Maxwell-Lefroy, ya haɗa maganin da aka fesa. An fara aiki cikin 1914, yaƙi ya kawo jinkiri, ba a gama ba sai 1923.

Wahalar ba ta tafi a banza ba. Cikin watan Mayu na 1941 jiragen Jamus suka jefa wuta a kan gidan Majalisa, ta kama rufin zauren da ɗakin wakilai lokaci guda. Masu kashe wuta suka zaɓi su ceci tsohon zauren, ɗakin wakilai ya ƙone.

Mai karatu, ka ga darajar bincike kafin gyara. Ko fale-fale ne, ko kwano, ko soro, in rufi ya lotsa kada ka ƙara masa yaɓe ko sabon kaya tukuna, don nauyi za ka ƙara wa mara lafiya. Nemo inda ruwa ke shiga, ka ƙwanƙwasa itacen ka ji ko ya yi kogo, ka tokare shi, sa'an nan ka sake wanda ya mutu.